Signal: na gwada ta, ga abin da take rufewa da abin da ba ta iya rufewa

Masu tambaya ko da gaske manhajar hira ta Signal ta fi WhatsApp rufin asiri, amsar a taƙaice eh ta fi, amma ba ta inda yawancin mutane ke zato ba. Mutane sun ɗauka wai a Signal ba mai karanta saƙonka a hanya, a WhatsApp kuma ana karantawa. Ba haka abin yake ba. Tsarin kulle saƙo da WhatsApp ke aiki da shi tun 2016 ai na Signal ne, nasu suka ɗauka suka ɗora, don haka abin da ka rubuta wa mutum a can ma a kulle yake tafiya har ya isa. Inda suka raba hanya shi ne bayanan da ke kewaye da saƙon, wa ka yi wa magana, ƙarfe nawa, daga wace irin waya, su waye a cikin lambobinka, wane guruf kake ciki, sai kuma babbar maganar, lambar wayarka da duk wanda kuka haɗu a guruf ke gani ko da bai taɓa saninka ba. A WhatsApp kamar wasiƙa ce da ba a buɗe ambulan ɗinta ba amma an karance duk abin da ke bayanta, kuma wani lokacin abin da ke bayan ya ishi mai neman sanin rayuwarka.

Masu manhajar ba kamfanin talla ba ne, gidauniya ce wadda ba ta neman riba, Moxie Marlinspike da Brian Acton suka kafa ta a 2018. Shi Acton ɗin yana cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri WhatsApp, Facebook ta saye shi a hannunsu a 2014, ya bar wurin a 2017 ya zo ya zuba dala miliyan 50 a wannan. Tun 2022 Meredith Whittaker ce shugaba. Da gudummawar mutane suke tafiyar da ita, shi ya sa ba za ka ga talla a ciki ba, sai dai jefi-jefi su ɗan tuna maka cewa in da hali ka taimaka, kana rufewa kuma shi kenan ba sa nacewa.

Abin da ya fi gamsar da ni ba alkawarin da suke yi ba ne, kowace manhaja ai tana cewa sirrinka na da muhimmanci a wurinmu. A 2016 wata kotun tarayya a jihar Bajiniya ta Amurka ta aika musu da sammaci tana neman bayanan wasu masu amfani da ita, abin da suka iya miƙawa abu biyu ne kacal, ranar da aka buɗe akawun da ranar ƙarshe da ya hau sabis. Babu suna, babu jerin lambobi, babu su wa ya yi magana da su, ba don sun yi taurin kai ba sai don babu shi a hannunsu tun farko. An sake aiko musu da irin wannan a 2021 daga Kalifoniya, amsar ba ta canja ba, kuma suna wallafa takardun kowa ya gani. Ni a wurina wannan ya fi duk wani dogon turancin ƙa'idojin sirri da ba wanda ke karantawa kafin ya danna na yarda.

Toh bari in zo kan lamba, don nan ne ainihin dalilin da ya sa nake ganin ta cancanci wuri a wayar mutum.

Mun raina lambar waya wallahi. Muna bayar da ita kamar ba komai ba, alhali yau ita ce ta ɗaure kusan komai na mutum wuri guda, bankinka da ita yake turo maka lambar tabbatarwa, imel ɗinka da ita ake dawo da shi in an manta fasawod, Facebook da Instagram da TikTok duk da ita aka buɗe, a ƙasashe da yawa kuma ba a ba ka layi sai ka kai katin shaida an haɗa su. Wanda ya samu lambarka ya ajiye ta a wayarsa kawai, sai manhajoji su fara nuna masa hotonka da sunanka na gaskiya suna ce masa ko ka san wannan. Daga nan ya ga inda kake aiki, ya ga yaranka sanye da rigar makaranta da bajonta a ƙirji, ya ga ƙofar gidanku a bayan wani hoto da ka ɗauka ba tare da ka lura ba. Bai yi kutse ba fa, bai fasa komai ba, lamba kawai aka ba shi. Kuma a watan Afrilun 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet kyauta, mafi yawansu da lambar waya a haɗe da suna. Fasawod in ya fita kana canjawa cikin minti ɗaya, lambar da dangi da abokan kasuwanci suka sanka da ita shekara da shekaru fa, ka canja ta ka gani.

Kuma ba a intanet kaɗai muke zubar da ita ba. Ka shiga wani ofis a miƙo maka littafin baƙi, ka rubuta suna da lamba da wanda ka zo gani, littafin yana nan a buɗe a kan tebur duk wanda ya zo bayanka sai ya karanta na mutum ashirin kafin ya rubuta nasa. Ka sayi abu a kanti mai karɓar kuɗi ta ce lambarka, ka faɗa da ƙarfi mutum biyar na bayanka a layi suna ji. Akwai wani wuri da na taɓa ba su lambata wai don su turo min rasit, rasit ɗin bai zo ba amma tallarsu ba ta fasa zuwa ba, daga baya ma har wasu da ban taɓa hulɗa da su ba suka fara kira suna ambatar sunana cikakke. Mata kam sun fi kowa sanin wannan bala'in, a saka mace a guruf na makaranta ko na aiki, kafin dare wani ya zare lambarta ya biyo ta da salam ya kike, ta toshe shi ya dawo da wani layin.

A 2024 Signal ta kawo abin da suke kira yuzanem, wato sunan da za ka ba mutum a maimakon lamba. Ga yadda yake in ka shiga. Ka taɓa hotonka a sama ka shiga saitin, ka buɗe furofayil, za ka ga wurin rubuta sunan. Duk abin da ka rubuta dole a ƙarshensa a samu aƙalla lambobi biyu, misali ka rubuta tauraro sai ta maƙala masa ɗigo da 47, kana iya canja lambobin in ba su yi maka ba. Tana ba ka linki da hoton QR na wannan sunan, mutum ya ɗauka da kyamara sai ga shi a akwatin saƙonka, bai ga lambarka ba. Abin da ya burge ni, sunan ba shi ne ke fitowa a hira ba, kuma babu wani kundi da za a shiga a yi ta lalube ana neman mutane, sai wanda ya san shi daidai harafi da harafi. Ka gama hulɗa da mai gyara ko mai kawo kaya ko wani da kuka haɗu a taro, ka canja sunan ko ka goge shi gaba ɗaya, waɗanda kuke hira da su suna nan ba abin da ya taɓa su, wanda ya riƙe tsohon sunan kuma ya riƙe iska.

Sai saiti biyu a ɓangaren sirri da ya kamata kowa ya leƙa. Na farko wa zai ga lambata, wannan a kan ba kowa yake zuwa tun daga farko, madalla. Na biyu wa zai iya nemo ni da lambata, shi kuma a kan kowa yake zuwa, sai ka juya shi da hannunka. In ka mayar da shi ba kowa, ko mutum yana da lambarka ba zai gane kana Signal ba balle ya turo saƙo. Amma a kula, wanda ya riga ya ajiye lambarka a wayarsa kuma kuna hira zai ci gaba da ganinta, ba ta goge abin da ke cikin wayar wani. Kuma rufe na biyun yana da nasa tsada, ɗan uwanka da ya sauke manhajar jiya zai duba bai ganka ba ya ɗauka ba ka ciki. Ni dai na rufe, wanda nake so ya same ni na san yadda zan tura masa linki.

Baƙo in ya turo saƙo ba ya faɗowa kai tsaye cikin hirarrakinka, yana tsayawa a matsayin buƙata, ka karɓa ko ka goge ko ka toshe, kuma kafin ka karɓa ba ya ganin hotonka da sunanka, ba ya sanin ko ka karanta. Ƙaramin abu ne amma yana rage fitina sosai.

Sauran kayan cikinta ba zan tsaya dogon bayani ba. Kiran murya da na bidiyo suna da kyau, guruf yana ɗaukar har mutum 1,000, akwai sitika akwai sitori ga masu so. Saƙo mai ɓacewa da kansa kana saita shi daga 'yan daƙiƙoƙi har mako 4, kuma kana iya cewa duk sabuwar hira ta fara da shi. Akwai hoton da ake gani sau ɗaya. Akwai abin dusashe fuska da suka ƙara a 2020, ka ɗauki hoton taro ka danna sau ɗaya ta rufe fuskokin mutane kafin ka tura, wannan na so a ce kowace manhaja tana da shi don yawancin waɗanda muke watsa hotunansu ba wanda ya tambaye su. Akwai kuma saitin da ke bi da kiranka ta sabar Signal, wato manyan kwamfutocinsu, don wanda kake kira kada ya ga adireshin intanet ɗinka, murya takan ɗan rage kyau in ka kunna, amma da baƙo gara hakan.

Yanzu inda take da rauni, don tana da shi.

Har gobe ba ka buɗe akawun sai da lambar waya. Sun ɓoye ta daga idon mutane amma ba su rabu da ita ba, hujjarsu ita ce in aka cire wannan shingen masu damfara da masu tura shara za su cika wurin, kuma hujjar ba ta banza ba ce, sai dai ga wanda layinsa ke ɗaure da katin shaidarsa ai maganar ɓoye kai gaba ɗaya ba ta taso ba. Signal tana ɓoye abin da ka faɗa da wanda ka faɗa wa, ba ta mayar da kai wanda ba a sani ba. Kuma wannan dogaro da lamba ya taɓa jawo musu matsala, a watan Agustan 2022 aka yi kutse a Twilio, kamfanin da ke tura musu lambar tabbatarwa ta tes, abin ya shafi masu amfani kusan 1,900. Ba a ga saƙon kowa ba tunda saƙonni a wayar mutum suke ba a sabar Signal ba, amma an samu damar da za a iya ɗora lambar wani a kan wata wayar a riƙa magana da sunansa. Maganin wannan yana cikin manhajar, makullin rajista, ka saita lambar sirri ka kunna shi, ko an sace layinka ba a iya buɗe akawun ɗinka a wata waya sai da ita. Matsalar ita ce a kashe yake zuwa, kuma mutum nawa ne ke shiga saiti? In ka manta lambar sirrin kuma su ma ba su da ita, sai ka jira kwana 7 kafin makullin ya saki. Shi ya sa take yawan tambayarka ita lokaci-lokaci, abin yana da ɗan ban haushi amma kar ka kashe tunatarwar.

Na biyu, ajiyar tsoffin saƙonni. Shekaru da dama in wayarka ta faɗa ruwa ko aka ɗauke ta, hirarrakinka sun tafi kenan sai in kana Android kuma ka yi ajiya da kanka ka adana dogayen lambobin buɗe ta. A 2025 suka fara kawo ajiya a kulle a sabarsu ga wanda ya zaɓa, da mabuɗin da kai kaɗai ke riƙe da shi. Ci gaba ne, amma ƙa'idar tana nan, ka yar da mabuɗi ba mai dawo maka da komai. Wanda ya saba da sauƙin canja waya komai ya dawo da kansa zai ji jiki a nan.

Na uku shi ne wanda ya fi kashe gwiwa, mutanenka ba sa ciki. A Janairun 2021 da WhatsApp ya fito da sabbin ƙa'idoji ya ce a amince kafin 8 ga Fabrairu, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Signal har sabarsu ta durƙushe na wani lokaci, Elon Musk ma ya sa baki ya ce a koma can. WhatsApp ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu, ƙura ta lafa, yawanci suka koma inda suka fito suka bar akawun a bushe. Za ka ga sunaye da yawa a jerin, ka tura saƙo ya kwana uku da alama ɗaya don mai shi ya goge manhajar tuntuni. Manhajar hira kuwa ba ta da amfani in kai kaɗai ne a ciki komai ƙarfin makullinta.

Masu cewa ai Telegram ma haka take, a'a. Hirar yau da kullum a Telegram da duk guruf ɗinta ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, sai ka buɗe hirar sirri da kanka, ita ma tsakanin mutum biyu kawai. Tana da nata amfanin wajen tashoshi da manyan fayil, amma ba layinsu ɗaya ba a wannan fannin.

Sai abin da ba laifin manhajar ba ne amma dole mai sauke ta ya sani, don na ga mutane suna sakin baki da zarar sun ji an ce wuri amintacce ne. A watan Maris na 2025 manyan jami'an gwamnatin Amurka suka buɗe guruf a Signal suna tattauna harin da za su kai wa 'yan Huthi a Yaman, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin, Mike Waltz, ya saka Jeffrey Goldberg, babban editan mujallar The Atlantic, cikin guruf ɗin bisa kuskure. Sakataren tsaro Pete Hegseth ya turo lokutan tashin jirage, ɗan jarida yana zaune yana karantawa kafin bama-bamai su sauka. Ba wanda ya fasa makullin Signal, aikinta ta yi tsaf, ta kai saƙon a kulle ga duk wanda ke cikin guruf, har da wanda bai kamata ya kasance a ciki ba. Da ɗan gari akan ci gari. In mutanen da ke da ma'aikatan tsaro a kewaye da su sun yi wannan, guruf ɗinku na mutum tamanin da ba wanda ya san rabin waɗanda ke ciki fa?

Haka maganar saƙo mai ɓacewa. Yana share wayarka da tasa in lokaci ya cika, yana da amfani ranar da waya ta ɓata ko aka karɓe ta, amma ba ya hana wanda ka tura wa ɗaukar hoton allo, ko ya ɗauko wata wayar ya ɗauki hoton tasa. Saitin hana hoton allo da ke ciki wayarka kawai yake tsarewa, ba ya ɗaure hannun wancan. Hoton katin shaida, hoton katin banki gaba da baya, hoton da ba za ka so mahaifiyarka ta gani ba, in ka tura ka tura, ko ta wace manhaja ce.

Wayar kanta ma abin dubawa ce. Saƙo ya sha kulle tun daga wata ƙasa ya iso lafiya, sai ya fito ɓaro-ɓaro a kan allo waya tana ajiye a tebur ko tana wurin caji a hannun wani. A saitin sanarwa kana iya cewa kada ta nuna suna ko abin da aka rubuta, sai dai kawai ta ce akwai saƙo, kuma kana iya sa ta riƙa neman yatsa ko makullin wayarka kafin ta buɗe. Ka riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da akawun ɗinka kuma, don wanda ya riƙe wayarka na minti biyu kuma ya san makullinta zai iya haɗa ta da kwamfutarsa ya riƙa samun duk sabon saƙo, masu kutse ma sun yi amfani da wannan hanyar ta tura wa mutane QR na bogi da sunan gayyatar shiga guruf. Duk abin da ka gani a jerin ba ka gane shi ba ka cire.

Akwai lambar aminci ga masu son tabbatarwa, lambobi 60 ne da ke tsakaninka da kowane mutum, in kun haɗu ido da ido ɗaya ya ɗauki QR ɗin ɗaya sai ta nuna alamar an tabbatar. In ta canja daga baya tana sanar da kai, yawanci sabuwar waya mutum ya yi, amma in ana cikin maganar kuɗi ne ka ga wannan sanarwar sai kuma ga saƙo wai turo min kuɗin ta wannan akawun ɗin banki, tsaya ka kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Wa zan ce ya sauke ta? Duk wanda aikinsa ke sa shi hulɗa da baƙi kullum, masu saye da sayarwa ta intanet, 'yan jarida, lauyoyi, ma'aikatan lafiya, da duk macen da ta gaji da canja layi saboda masu naci. Iyali ma in za ku iya shawo kan junanku ku koma tare, hotunan yara sun fi dacewa da can. Ban ce ka goge WhatsApp ba don na san ba za ka goge ba, nima ban goge ba. A ma'aunina tana da huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi saboda lambar da har yanzu suke nema wajen rajista da kuma makullin da suka bari a kashe. In ka sauke, kafin ka tura wa kowa saƙo ka yi yuzanem, ka rufe nemo ni da lamba, ka kunna makullin rajista, duka ukun ba za su ci maka minti biyar ba.